Bikin Stacy da Kunyar Lydia: Nazarin Yadda Aminci Ya Ɓaci Ya Kuma Gyaru a Wani Fim na Yahudawan Amurka

A ranar 25 ga watan Agusta na shekarar 2023 kamfanin Netflix ya saki wani fim na barkwanci mai suna You Are So Not Invited to My Bat Mitzvah. Ma'anar sunan ita ce irin maganar da yarinya kan jefa wa ƙawarta idan rai ya ɓaci, wato kada ki kuskura in ga ƙafarki a bikina. An shirya fim ɗin ƙarƙashin umarnin Sammi Cohen, Alison Peck ce ta rubuta shi daga wani littafin matasa na Fiona Rosenbloom da ya fito a 2005, an kuma ɗauke shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 2022, ko da yake labarin na Yahudawan Amurka ne. Tsawonsa minti 103 ne. Mutane da yawa sun kalle shi saboda ɗan wasan barkwanci Adam Sandler, wanda ya fito tare da matarsa Jackie da 'ya'yansa biyu, Sadie da Sunny, amma abin da ya sa na ga ya cancanci a zauna a yi nazarinsa shi ne lamari guda ɗaya da ke tsakiyarsa: yarinya 'yar shekara goma sha uku ta ci amanar aminiyarta a daidai lokacin da addininta ke shirin ɗora mata alhakin ayyukanta, sai ya zama bikin balagar da ta ɗauka shagali ne ya koma wurin da za ta amsa laifinta da bakinta.

Kafin a fahimci nauyin abin da ya faru, sai an san mene ne bikin. A al'adar Yahudawa, yaro namiji idan ya cika shekara 13 ana kiransa bar mitzvah, yarinya kuma bat mitzvah, ma'ana ɗa ko 'yar da umarnin addini ya hau kanta. Masu riƙon gargajiya sosai suna ƙidaya wa mace shekara 12, amma a yawancin majami'un masu sassauci na Amurka shekara 13 ake yi wa kowa. Tushen abin tsoho ne, domin a cikin Mishna, littafin hukunce-hukuncen da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, an ambaci cewa ɗan shekara goma sha uku ya isa ɗaukar umarni. Akwai ma wata addu'a da uba ke yi a wannan rana, inda yake gode wa Ubangiji da ya sauke masa alhakin wannan yaro, domin daga yau abin da yaron ya shuka shi zai girba. Mai karatu Musulmi ba zai sha wahalar gane wannan ba, tun da mun san ma'anar mutum ya zama mukallafi, alƙalami ya hau kansa. Shi bikin dai alama ce kawai, ko an yi ko ba a yi ba shekarun sun cika, alhakin kuma ya hau.

Shigar mata cikin wannan biki a bainar jama'a ba ta daɗe ba. A watan Maris na 1922 ne Judith Kaplan, 'yar malamin nan Mordecai Kaplan, ta tsaya a gaban jama'ar majami'ar mahaifinta a birnin New York ta yi karatu, kuma ita ake ƙidayawa a matsayin ta farko a Amurka. Sai bayan shekara 50, a 1972, aka naɗa Sally Priesand mace ta farko da ta zama malamar majami'a a ƙasar. Saboda haka Malama Rebecca ta cikin fim ɗin, wadda Sarah Sherman ta fito a matsayinta, mai koyar da yara da waƙa da raha, jikar wannan sauyi ce. Shirin da yaro ke yi kuwa ba wasa ba ne. An raba Attaura kashi 54 ana karanta wa jama'a mako-mako, kuma kowane yaro yana samun kason da ya dace da makon bikinsa. Naɗaɗɗen littafin da ake karantawa daga cikinsa rubutun hannu ne a kan fata, babu wasali babu alamar rera murya, don haka dole yaro ya haddace yadda ake furta kowace kalma ta Ibrananci da yadda ake jan ta, yana bin layi da wani ɗan sanda mai siffar hannu don kada yatsa ya taɓa rubutun. Bayan karatun zai yi ɗan jawabi a kan darasin da ya ciro, kuma a majami'u da dama ana so ya yi wani aikin taimakon jama'a kafin ranar. Da dare sai liyafa, a ɗaga mai bikin a kan kujera ana rawa, a ba shi kyautar kuɗi da ake yawan yi ninkin 18, saboda haruffan kalmar rai a Ibrananci lissafinsu 18 ne.

Yaran da labarin ya shafa su biyu ne, Stacy Friedman, wadda Sunny Sandler ta fito a matsayinta, da Lydia Rodriguez Katz, wadda Samantha Lorraine ta fito a matsayinta. 'Yan aji bakwai ne, wato tsakiyar abin da Amurkawa ke kira makarantar tsakiya, kwatankwacin ƙaramar sakandare a wurinmu, suna kuma zuwa makarantar Ibrananci ta majami'a kamar yadda yaranmu ke zuwa Islamiyya bayan boko. Sunayen yaran ajin ma suna ba da labari. Akwai Rodriguez Katz, akwai Kym Chang Cohen, sunaye masu nuna auratayya tsakanin Yahudawa da wasu al'ummomi. Wannan ba ƙirƙirar masu fim ba ce, domin binciken cibiyar Pew na 2020 ya ƙiyasta Yahudawan Amurka sun kai miliyan 7.5, ya kuma nuna cewa kashi 61 cikin 100 na waɗanda suka yi aure daga 2010 zuwa lokacin binciken sun auri wanda ba Bayahude ba ne. Mu da galibin abin da muke ji game da Yahudawa labarin siyasa ne da yaƙi, fim ɗin yana buɗe mana ƙofar wani gida mu ga uwa na faɗa a kan rigar biki, uba na ƙorafin tsadar kaya, yaya na zolayar ƙanwarta.

Abin da ya kamata mai nazari ya riƙe tun daga farko shi ne musayar amanar da yaran biyu suka yi. Lydia ce ta ɗauki nauyin rubuta wa Stacy jawabin da za ta karanta a majami'a, ita kuma Stacy ta ɗauki nauyin haɗa wa Lydia bidiyon da za a haska a zauren liyafa kafin ta shigo. Kowace ta miƙa wa 'yar'uwarta abin da za a gan ta da shi a ranar da ta fi kowace rana muhimmanci a wurinta. Ita Stacy ta miƙa bakinta, ita Lydia ta miƙa fuskarta. Kuma a wayar Stacy da kwamfutarta akwai tarin hotuna da bidiyo na shekaru, irin shirmen da ƙawaye ke yi idan sun kulle ƙofar ɗaki, abubuwan da aka yarda a ɗauka saboda an tabbata ba mai gani sai su biyu. Marubutan sun ajiye wannan a farkon fim cikin raha, ba tare da sun ja hankalin mai kallo a kai ba, alhali duk ɓarnar da za ta biyo baya daga nan za ta fito.

A gida kuma rigimar Stacy da iyayenta a kan liyafa ce. Tana son biki mai taken birnin New York, na kece raini, wanda za a daɗe ana zancensa a makaranta, domin a tunaninta darajar mutum a aji tana rataye ne da yadda bikinsa ya ƙayatar. Mahaifinta Danny, wato Adam Sandler, yana tuna mata cewa nasa bikin a ɗakin ƙasa na gidan kakarsa aka yi, kuma ba shi da wani take da ya wuce zama Bayahude. Mahaifiyarta Bree, wadda Idina Menzel ta fito a matsayinta, tana ta fama da ita a kan ta zauna ta koyi karatunta ta kuma zaɓi aikin taimakon da za ta yi. Stacy tana yawan yin magana da Ubangiji a zuciyarta, amma idan aka saurari roƙon nata a farkon fim, ba ya wuce biki mai kyau da kuma wani yaro mai suna Andy Goldfarb ya kula ta. Ba na ganin wannan a matsayin mugun hali. Ƙuruciya ce, kuma fim ɗin bai tsane ta a kai ba.

Tsagewar bangon ta faru ne a bakin wani ruwa inda yaran makarantar ke taruwa, akwai wani tsauni da masu ƙarfin hali ke dirowa daga kansa. Stacy, don Andy ya gan ta, ta hau ta yi tsalle ta faɗa ruwan. Ta ɗago kai ana mata tafi da shewa, fuskarta cike da murna, ga shi abin da ta daɗe tana nema ya samu. Sai audugar matan da ke jikinta ta taso saman ruwa kusa da ita, da jini a jiki, kowa yana gani. Tafin ya koma dariya. Duk macen da ta taɓa tashi daga kan benci a aji tana waiwayen bayan siket ɗinta ta san irin wannan tsoro, kuma a nan abin tsoron ya auku a gaban dukan waɗanda take son burgewa. Amma dariyar taron ba ita ce ta fi yi mata ciwo ba. Da ta duba bakin ruwa, ta ga Lydia ma tana dariya. Wataƙila dariyar ta kuɓuce mata ne, wataƙila tsoron a ware ta ne ya sa ta bi sahun jama'a, tun da a lokacin 'yan matan da ake ji da su a aji sun fara jan ta a jiki. Ko ma mene ne, a daƙiƙar da Stacy ke neman fuska ɗaya da za ta tsaya mata, ba ta samu ba.

Bayan kwanaki Stacy ta sauko, ta nufi gidan su Lydia da niyyar a shirya, sai ta tarar da taron yara a gidan ba a gayyace ta ba, ta kuma ga Lydia da Andy suna sumbatar juna. A nan ta furta maganar da ta zama sunan fim ɗin. Adalci ya sa a faɗi cewa har zuwa wannan gaɓa Stacy ce aka zalunta. Lydia ta san sarai abin da ke zuciyar aminiyarta game da yaron, ta yi shiru da nata son, ta bari aka gano a mafi munin yanayi. Sai dai fim ɗin ya nuna mana, a gefe-gefe, abin da Stacy ba ta tsaya ta gani ba, wato iyayen Lydia suna tsakiyar rabuwar aure, gida ya zama fagen jayayya a kan kuɗi, yarinyar kuma ba ta da wanda ke tambayarta yadda take ji, har da aminiyar tata da ba ta da zance sai na bikinta da na Andy. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma da a nan abin ya tsaya, da saɓani ne irin wanda mako biyu ke warkarwa.

Abin da ya mayar da saɓani ya zama zalunci shi ne matakan da Stacy ta ɗauka bayan haka, kuma kowane mataki ya fi wanda ya gabace shi muni. Da farko ta aika wata magana ta cin mutunci game da jikin Lydia zuwa wani shafin gulma na 'yan ajinsu, inda ake sakin zance ba tare da sunan mai shi ba. Sannan ta zaɓi gidan kula da tsofaffi a matsayin wurin aikin taimakonta, ba don tsofaffin ba, sai don kakar Andy tana zaune a can kuma yakan je gaishe ta. Daga baya ta kai ga an kama ta da Andy suna sumbatar juna a cikin majami'a, kusa da ma'ajiyar Attaura, wurin da ya fi ko'ina alfarma a ginin. Idan aka jera su za a ga ta taɓa dukan abubuwan da bikin ya ƙunsa: harshen da za ta yi karatu da shi ta yi gulma da shi, aikin alherin ta mayar da shi tarko, wurin ibadar ta mayar da shi wurin ramuwa. Malaman Yahudawa suna da suna na musamman ga yi da mutum, suna ce masa lashon hara, wato mugun harshe, suna kafa hujja da Littafin Firistoci na cikin Attaura sura 19 aya 16 da ta hana yawo da tsegumi a cikin jama'a. A Talmud, babban littafin sharhin malamansu a kan Mishna, an ce mugun harshe mutum uku yake kashewa, mai faɗa da mai saurare da wanda ake faɗa a kansa. A 1873 wani malami mai suna Israel Meir Kagan ya wallafa littafi sukutum a kan hukuncin wannan laifi kaɗai. Shafin gulmar da ba a sa suna sabon abu ne, amma laifin da ake yi a cikinsa tsofaffin malamansu sun riga sun yi masa fiɗa.

Sai batun bidiyo. Cikin dare, da zafin rai, Stacy ta buɗe aikin da ta fara yi wa Lydia ta sake tsara shi, ta zaƙulo duk wani abin kunya da ke cikin ajiyarta ta jera, har da inda Lydia ke faɗin maganganu a kan wasu 'yan ajinsu, irin zancen da ake yi a ɗaki ba don a ji a waje ba. Ba ta aika wa kowa ba. Ta huce haushinta ne ta bar shi a kwamfuta. Amma ranar biki na matsowa, mahaifiyar Lydia ta tambayi mahaifiyar Stacy labarin bidiyon da aka yi alkawari, ita kuma Bree, da kyakkyawar niyya, tana ganin wannan zai taimaka a shirya yaran, ta samo shi ta tura ba tare da ta buɗe ta kalla ba. A daren liyafar Lydia, an ƙawata zaure da ado na alewa kala-kala kamar yadda ta daɗe tana buri, dangi da abokan makaranta sun cika, aka rage fitilu, aka kunna majigi. Lydia na tsaye a bayan ƙofa da kwalliyarta tana jiran a kira sunanta. Stacy ta gane abin da ke shirin faruwa a makare, ba ta kuma iya tsayar da shi ba. Jama'a suka fara da dariya suna zaton wasa ne, sannan dariyar ta riƙa mutuwa a hankali yayin da kowa ya fahimci cewa tonon silili ake yi, kuma wadda ta fi kowa sanin yarinyar ce ta yi shi. Lydia ta fice tana kuka daga bikin da iyayenta, duk da rigimar da ke tsakaninsu, suka haɗu suka yi mata.

A nan ne lamarin ya zama abin nazari na gaske, domin Stacy tana da hanyar kare kanta, kuma hanyar ba ƙarya ba ce. Ba ita ta tura ba. Ba ta yi niyyar kowa ya gani ba. Mahaifiyarta ce ta yi sakaci. Yaro ɗan shekara goma zai iya fakewa a nan, a kuma karɓa masa, a ce laifin manya ne da ba su duba ba. Amma ma'anar cika shekara goma sha uku a wannan al'ada ita ce ranar fakewa a bayan iyaye ta wuce, kuma addu'ar nan da uba ke yi ta sauke alhaki tana nufin daidai wannan. Wanda ya wasa wuƙa ya ajiye a inda hannu zai kai ba zai ce ba ruwansa da yankan ba. Kuma girman laifin a ma'aunin addininta ba ƙarami ba ne, domin Talmud ya kwatanta wanda ya kunyata ɗan'uwansa a bainar jama'a da wanda ya zubar da jini, aka ba da dalili da cewa ana ganin jinin fuskar mutum ya janye ta koma fari. Abin da aka yi wa Stacy a bakin ruwa tsautsayi ne da dariyar yara ta ƙara wa zafi. Abin da ta yi wa Lydia kuwa an zauna an tsara shi, an yanka an haɗa, da kayan da aminci ne kaɗai ya ba ta damar mallaka.

Yadda ta gyara shi ne ya sa nake ganin marubutan sun san al'adar da suke magana a kanta, ko da ba su tsaya suna jawo nassi ba. A cikin Mishna an bayyana cewa Ranar Kafara, wadda ita ce rana mafi girma a shekarar Yahudawa, tana shafe laifin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa, amma laifin da ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa ba ta shafe shi sai an je an nemi yardar wanda aka cuta. Musa bin Maimun, malamin da aka haifa a Kurɗuba ta Andalus ya kuma rasu a Masar a 1204, ya yi bayanin matakan tuba dalla-dalla: mutum ya daina laifin, ya furta shi da bakinsa, ya mayar da abin da ya ɓata, ya je ya roƙi wanda ya cuta, idan an ƙi ya sake komawa har sau uku. Abin da Stacy ta yi ya bi wannan sawu. A ranar nata bikin, tana tsaye a kan dandamalin majami'a, ga iyaye ga dangi ga 'yan aji, ta bar jawabin da aka shirya ta faɗi da bakinta cewa ta kasance mai son kanta kuma ta cuci aminiyarta. Kunyar da ta jawo a gaban jama'a ta biya ta a gaban jama'a, kuma mafi yawan waɗanda suka ga bidiyon suna zaune a wurin. Sannan ta fita a guje da kayan bikinta zuwa gidan su Lydia ta roƙe ta. Da dare kuma aka ga abin da ta riga ta shirya da iyayenta: liyafar New York da ta yi shekaru tana mafarki an rushe ta, an ƙawata zauren da adon alewa, an mayar da daren na Lydia, aka kuma haska bidiyon kirki wanda tun farko shi ne alkawarin.

Mai karatu Bahaushe zai ji wannan hukunci kamar a gida aka yanke shi. Mun taso muna jin cewa Allah yana yafe nasa amma ba ya yafe haƙƙin wani sai mai shi ya yafe, kuma ayoyi na 11 da 12 na Suratul Hujurati sun haɗa izgili da jifa da munanan laƙabi da bin diddigi da giba a wuri ɗaya. Abin da fim ɗin ya ƙara mini shi ne ganin wannan hukunci a hannun yara masu waya. Ajiyar da ke wayar 'yarka ta ƙawayenta amana ce mai nauyin gaske, kuma ita ba ta san nauyinta ba sai ranar da rai ya ɓaci. Magana zarar bunu ce tun can, balle yanzu da ake iya adana ta, a yanka, a ƙara mata kiɗa, a tura wa mutum ɗari cikin ƙiftawar ido.

Duk da haka akwai inda fim ɗin ya sauƙaƙa wa kansa, kuma ba zan ɓoye ba. Diyyar da Stacy ta biya da kuɗin iyayenta ta biya. Sadaukarwa ce ta gaske a ma'aunin yarinyar da ta ɗora duk burinta a kan dare ɗaya, amma iyali kaɗan ne a duniya, har a cikin Yahudawan Amurka, ke da halin sauya liyafa sukutum cikin 'yan kwanaki, kuma fim ɗin da ya fara da sukar almubazzarancin biki ya ƙare yana warware matsalarsa da wani bikin mai tsada. Da an nuna yarinyar da ba ta da zauren da za ta bayar, da tambayar ta fi tsauri. Haka kuma maganar da ta saka a shafin gulma ba a ba ta kulawar da ta kamata ba, alhali irin wannan ba a goge ta da liyafa, tana nan a bakin yara har su gama makaranta. Shi kuma Andy an zana shi fanko da gangan, don mai kallo ya yi saurin yarda cewa bai kai a yi faɗa a kansa ba, aka kuma ajiye wani yaro mai hankali, Mateo, ɗan ƙasar Ekwado, wanda ke zuwa gidan tsofaffin don taimako na gaskiya, ya zama ladan da ke jiran Stacy idan ta shiryu. Rayuwa ba ta cika raba mutane haka a sarari ba. Ga iyaye kuma, ya kamata a sani cewa a Amurka an sa wa fim ɗin alamar 'yan shekara 13 zuwa sama, akwai zancen jinin al'ada da sassan jiki da sumba a fili, don haka wanda zai kalla da yaransa gara ya fara kallo shi kaɗai.

An yi ta magana a lokacin fitowarsa cewa Sandler ya yi amfani da kamfaninsa na Happy Madison ya ɗora 'ya'yansa, kuma maganar tana da tushe, domin ba kowace yarinya ce ke samun irin wannan dama ba. Sai dai masu sharhi da yawa sun yaba wa fim ɗin fiye da yadda suka saba yaba wa finafinan barkwancinsa, kuma a ganina dalilin shi ne ya ja da baya ya bar wa yaran fage. Matsayinsa na uba ne mai gajeren wando da yawan ƙorafi, wanda ke ɗaga murya idan an ɓata masa rai sannan ya dawo ya zauna kusa da 'yarsa a mota ya rasa abin da zai ce. Sunny Sandler kuma ta yarda ta fito a matsayin yarinyar da mai kallo zai ji haushinta na tsawon rabin fim, abin da ba kowace sabuwar 'yar wasa ke yarda da shi ba. Idan tana yi wa mahaifinta tsawa a kan matakala, ana jin cewa waɗannan mutane biyu sun taɓa yin irin wannan faɗa a gidansu na gaske.

Akwai wani ɓangare na lamarin da kyamara ta wuce da sauri, ni kuwa na daɗe ina tunaninsa. Musa bin Maimun, a wurin da ya yi bayanin wajibin mai laifi, ya kuma ce bai kamata wanda aka cuta ya zama mai taurin zuciya ya ƙi yafewa ba idan an roƙe shi da gaske. Wannan rabin aikin a kan Lydia ya faɗa, kuma ita ma shekararta goma sha uku. Stacy ta yi jawabinta an ji tausayinta, ta bayar da liyafarta an yaba mata. Ita Lydia abin da aka nema daga gare ta shi ne ta sake sa kaya, ta shiga mota, ta je ta tsaya a bayan wata ƙofar zaure, a rage fitilu, a kunna majigi, alhali mutanen da ke ciki su ne dai waɗanda suka kalli na farkon, wanda ya haɗa bidiyon kuma ita ce dai wadda ta haɗa wancan. Ba ta da tabbacin abin da zai fito a allon sai maganar wadda ta riga ta ci amanarta sau biyu. Ta je, kuma ta amsa nata laifin na dariyar bakin ruwa da na ɓoye zancen Andy. Bayan an watse, an nuna su biyun suna sayar da kek da makamantansa don tara kuɗin taimako, aikin da tun farkon shekara malamarsu ke bin Stacy ta yi.